Harsuna huɗu a kan ɗalibi guda: Gardamar fassarar Littafi Mai Tsarki a makarantun tauhidi

Ranar Lahadi a majami'u da dama na Jos, Kaduna, Gombe da Yola, wani abu ya zama ruwan dare tun da wayar zamani ta shiga hannun kowa. Mai karatu zai hau mumbari ya karanta aya, sai kawuna su sunkuya kan waya, can kuma sai a fara satar kallon juna. Abin da aka karanta daban, abin da ke cikin wayar saurayin da ke benci na uku daban, wanda tsohuwar da ke layin gaba ta haddace tun tana budurwa shi ma daban. Kuma duka ukun da Hausa suke.

Idan aka tashi sujada, ba babban fasto ake tarewa da tambaya ba, don ana jin nauyinsa. Ɗalibin makarantar tauhidi da aka turo aikin ƙarshen mako, shi ake ritsawa a bakin ƙofa: "Malam, to wanne ne na gaskiyar?"

Tambayar gajeriya ce, amma amsarta ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa. Ta taɓo gardamar da masu fassara suka shafe ƙarnuka suna yi: a bi nassi kalma da kalma ko da maganar za ta yi wa mai sauraro nauyi, ko kuwa a kamo ma'ana a faɗe ta yadda masu harshen suke faɗa? Ɗalibin ya ji wannan gardama a aji, da Turanci. Yanzu an ce ya warware ta da Hausa, cikin minti biyu, ga mai babur yana jiransa.

Daga addu'ar asuba zuwa fitilar waya

Makarantun da ke yaye waɗannan ɗalibai sun daɗe a Arewa. A Bukuru, kudu da Jos, akwai Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya, wadda aka fi sani da TCNN, da ta fara karatu a 1959. Cikin garin Jos akwai JETS ta ɗarikar ECWA, da aka buɗe a 1980. Ta Kagoro a kudancin Kaduna ta girme su duka, don ta faro ne a matsayin makarantar Littafi Mai Tsarki tun farkon shekarun 1930. Ɗarikar COCIN na da tata a Gindiri, ɗarikar EYN na da Kulp a Kwarhi kusa da Mubi, Katolika kuma suna da St. Augustine a Jos da Good Shepherd a Kaduna.

Wanda bai taɓa shiga ba zai ɗauka samari ne zalla a ciki. Ba haka ba ne, musamman a makarantun ɗarikun da fastocinsu ke aure. Za ka tarar da magidanci mai shekara arba'in da ɗoriya, wanda ya daɗe yana aikin bishara a wani ƙauye kafin ikilisiya ta ce ya je ya ƙaro ilimi. Ya zo da matarsa da 'ya'ya, an ba su ciki da falo. Matar tana zuwa ajin mata da safe, da yamma ta soya awara ko ta zauna kan keken ɗinki. Bayan ɗakin akwai 'yar gonar masara da wake, don kuɗin da ikilisiya ta yi alkawari ba kullum yake isowa a kan lokaci ba, idan ya iso ma ba ya kai wa ƙarshen zango.

Na Katolika hanyarsu daban ce. Suna shiga da ƙuruciya, ba aure, kuma tafiyar tana cin wajen shekara tara: shekarar horon ruhaniya, sai falsafa, sai tauhidi, ga kuma aikin gwaji a majami'u.

Abin da ya haɗa su duka shi ne ƙararrawa. Addu'ar asuba, aji, sujada, aji kuma, laburare, aikin harabar makaranta. A sanyin hunturu na Filato, tashin asuba kansa jarrabawa ne. Da dare idan aka ɗauke wuta, sai a koma kan fitilar waya. Juma'a da yamma ko Asabar kowa ya ɗauki jaka ya nufi majami'ar da aka tura shi.

Rashin tsaro ma bai bar su ba. A watan Oktoba na 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye Kwarhi, malamai da ɗaliban Kulp suka tsere da iyalansu. A Janairun 2020 'yan bindiga suka sace ɗalibai huɗu daga Good Shepherd, uku suka dawo, aka kashe Michael Nnadi mai shekara 18.

Dodon ɗalibai

Tambayi duk wanda ya gama makarantar tauhidi darasin da ya fi hana shi barci, da wuya ya wuce biyu: Helenanci, wato tsohon harshen Girka da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, da Ibraniyanci, harshen mafi yawan Tsohon Alkawari. Na farko haruffansa 24, na biyu 22, kuma daga dama ake karanta shi zuwa hagu kamar ajami.

Shi ya sa aljihun ɗan aji ɗaya ba ya rabo da 'yan guntayen kwali, kalma a gaba, ma'anarta a baya. A layin abinci ana bita, a kan hanyar rijiya ana bita. Malamai kan kwantar musu da hankali cewa Sabon Alkawari na da kalmomi daban-daban sama da dubu biyar, amma wajen ɗari uku daga cikinsu su ne suke ta maimaituwa har su cika kusan kashi huɗu cikin biyar na littafin. Wannan lissafi gaskiya ne, sai dai bai taɓa sauƙaƙa wa kowa haddar sarrafa aikatau ba.

Akwai wani abin ban takaici a nan. Hausa da Ibraniyanci dangi ne na nesa, gida ɗaya suka fito da Larabci a rabe-raben masana harsuna. Ban da haka, kalmomin addini da Hausa ta aro daga Larabci suna da 'yan uwa a Ibraniyanci: ruhu, mala'ika, annabi, salama, duk ɗalibi zai ji amonsu a cikin nassin asali. Tsarin gidan Ibrahim da Yakubu, da kishiyoyi, da sadaki, da rijiya, da kiwo, da zaman dattawa a ƙofar gari, ba sai an zana wa ɗan Arewa hotonsu ba. Amma littafin nahawun da ke hannunsa da Turanci yake, ƙamus da Turanci, jarrabawa da Turanci. Sai ya bi ta Landan kafin ya je gidan maƙwabcinsa.

Haka ɗalibi yake kwana da harsuna huɗu a kansa, wani lokaci biyar. Yana mafarki da Angasanci ko Tangale ko Bura, yana karatu da Turanci, ana gwada shi da Helenanci da Ibraniyanci, ranar Lahadi kuma ya yi wa'azi da Hausa.

Dogon hanci da haƙora masu tsabta

A shekarar farko kusan kowane ɗalibi ɗan kalma-da-kalma ne. Ya sha wuya kafin ya gane kalmar, don haka ba ya son kowa ya taɓa masa ita. Sai ranar da malami ya ajiye masa wasu ayoyi a gaba ya ce bismilla.

A littafin Fitowa, inda ake siffanta Allah da jinkirin fushi, abin da Ibraniyanci ya faɗa a zahiri shi ne yana da dogon hanci, domin a wurin Ibraniyawa a hanci fushi yake huruwa. A ƙasar Hausa kuwa dogon hanci yabon kyau ne da ake yi wa amarya. Annabi Amos ya yi maganar haƙora masu tsabta a birane, yana nufin yunwa, wato ba abin da ya shiga baki balle ya maƙale. Bahaushe da ya ji haka zai ɗauka an raba asuwaki ne. A labarin Sarki Saul, nassi ya ce ya shiga kogo don ya rufe ƙafafunsa. Sakaya zance ne, kamar yadda mu muke cewa mutum ya kewaya. Manzo Bulus idan zai ambaci tausayi mai zurfi, kayan ciki yake kira, har tsohon juyin Turanci na King James na 1611 ya bar hanjin nan a wurare da dama. Hausa ta ɗan fi Turanci sa'a a nan, tunda da ciki muke farin ciki da baƙin ciki, amma ba wanda zai ce yana ƙaunarka da hanjinsa.

Wani lokaci kuma bin kalma shi ne daidai. Inda littafin Farawa ya ce Adamu ya san matarsa, Bahaushe ba ya bukatar sharhi, don shi ma yana cewa yarinya ba ta san namiji ba. Turanci na yau ne ya rasa wannan, ba Hausa ba. Ɗalibin da ya fassara daga juyin Turanci mai sauƙi zai zubar da abin da yake da shi a gida.

Waɗannan duk masu sauƙi ne, ana dariya a wuce. Inda ajin yake yin tsit shi ne a bikin auren Kana, lokacin da Yesu ya kira mahaifiyarsa da kalmar da ma'anarta ta zahiri ita ce "mace". A Helenanci ba rashin kunya ba ne. A ƙasar da ɗa ba ya ko kama sunan uwarsa, wanda ya ce wa mahaifiyarsa "ke mace" ya ja wa kansa baki. To me za a sa? Idan aka sa "Inna" ko "Mama", an kawar da zagin da babu shi a asali, amma an kuma shafe 'yar tazarar da wasu malamai suke ganin da gangan aka sa ta a wurin. Idan aka sa "uwargida", an shigo da wani launi na daban. Kowace ƙofa aka bi, akwai abin da za a bari a baya.

Haka kuma gaisuwar sumba mai tsarki da Bulus ya umurci ikilisiyoyi su riƙa yi wa juna. Wani mai fassara ɗan Ingila, J. B. Phillips, ya mai da ita musafaha a juyinsa. Masu goyon bayansa suka ce ya kamo manufa. Masu suka suka ce ya goge al'adar mutanen farko ya shafa tasa. Ɗalibin da zai karanta wannan aya a gaban zumuntar mata a Kafanchan ya san dalilin da ya sa gardamar ba ta wasa ba ce.

Rigimar duma a Tarabulus

Ba yau aka fara ba. Jerome, malamin da ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya rubuta wata wasiƙa a wajejen shekara ta 395 yana kare kansa daga masu cewa ba ya bin kalma. Ya ce shi ma'ana yake bi, amma ya ware Nassi, inda yake ganin ko jerin kalmomi ma akwai asiri a cikinsa. Da ya zo aikin kuwa, sau da yawa ma'anar ya bi.

Ba a daɗe ba fassararsa ta tayar da ƙura. Augustine, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya ba shi labari a wasiƙa cewa a garin Oea, wato Tarabulus ta Libiya, an karanta sabon juyinsa na littafin Yunusa a majami'a. Da aka zo kan tsiron da ya yi wa annabin inuwa, jama'a suka ji wani suna ba duman da suka saba ji ba. Majami'a ta hargitse, har bishop na garin ya ga idan bai koma wa tsohuwar kalma ba zai rasa mabiyansa. Duk faston da ya taɓa ƙoƙarin sauya juyin da ake karantawa a majami'arsa zai gane wannan bishop.

Martin Luther, wanda ya fassara Littafin zuwa Jamusanci, ya tsaya a ɗaya gefen. A wata wasiƙa ta 1530 ya ce ba haruffan Latin za a tambaya yadda ake Jamusanci ba, sai dai a saurari uwa a cikin gida, da yara a kan titi, da talaka a kasuwa.

Wanda ya mai da wannan ra'ayi ilimi mai tsari shi ne Ba'amurke Eugene Nida. A littafinsa na 1964 ya kafa hujja cewa ma'aunin fassara shi ne mai karatu na yau ya fahimci abin da mai karatu na farko ya fahimta, saƙon ya taɓa shi kamar yadda ya taɓa wancan. Juyin Good News, da Sabon Alkawarinsa ya fito a 1966, a kan wannan tafarki aka gina shi, kuma tafarkin ya mamaye aikin fassara a Afirka shekaru da yawa. Cocin Katolika ma ya yi ta kai da komowa. A 2001 fadar Vatican ta umurci a matso kusa da lafazin asali a littattafan sujada, a 2017 kuma Fafaroma Francis ya ƙara wa majalisun bishop-bishop na ƙasashe iko a kan fassarar harsunansu.

Daga Dorugu zuwa Wusasa

Littafin ya shigo Hausa ta wata hanya mai ban mamaki. James Frederick Schön, Bajamushe ɗan mishan na ƙungiyar CMS, bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Ya tsinci harshen ne daga bakin 'yantattun bayi, sannan daga Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da matafiyi Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. Da wannan Hausa ya fitar da Bisharar Matiyu a 1857, Sabon Alkawari kuma a 1880.

Cikakken Littafin sai a 1932 ya fito, kuma sunan da aka fi dangantawa da aikin shi ne Dokta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya tun farkon ƙarni na ashirin, kafin mishan ɗin ya koma Wusasa. Wannan juyi ya bi asali kusa da kusa, rubutunsa ma na dā ne, inda za ka ga "chikin" maimakon "cikin". Da shi kakannin Kiristocin Arewa suka koyi karatu, da shi aka yi musu baftisma, da shi aka binne su. Har gobe akwai dattawan da idan ba shi aka karanta ba, a wurinsu ba a yi karatu ba.

Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, da aka kafa a 1966, ta fitar da sabon juyi a 1979 da Hausar da ta fi kusa da ta yau da kullum. Ya sauya har da sunaye. Yesu Kristi ya zama Yesu Almasihu, Yohanna ya zama Yahaya, Matta ya zama Matiyu. Mutane da yawa suna riƙe da littafin da aka rubuta Yahaya a ciki, amma bakinsu Yohanna yake faɗa. Daga baya wasu juyin suka biyo, ciki har da Sabon Rai Don Kowa na ƙungiyar Biblica. A yau duk suna cikin waya ɗaya, shafa allo kawai ke raba su.

Kowa da hujjarsa

Masu son a tsaya kan lafazi ba jahilai ba ne, kuma ba tsofaffi kaɗai ba ne. Hujjarsu ita ce mai fassara ɗan aike ne, ɗan aike kuma ba ya gyara saƙon wanda ya aiko shi. Inda nassi ya bar magana a buɗe, tana ɗaukar ma'ana biyu, juyin ma'ana yakan zaɓi ɗaya ya rufe ɗayar, mai karatu bai ma san an zaɓa masa ba. Sun ƙara da cewa kalmomi irin su alkawari, fansa da alheri suna ratsa Littafin daga farko har ƙarshe, idan aka fassara kowacce da siga biyar, zaren ya tsinke. Abin da ya yi wuya, in ji su, aikin mai wa'azi ne ya bayyana.

Ɗaya ɓangaren kuma suna tambaya: wane mai wa'azin? Matar da ke sauraron karatu a rediyo ko a katin waya tana surfe, ba ta da fasto a gefenta. Kalmar da ba a gane ba ba ta zama a banza, mai sauraro yana cika ta da ma'anar da ya ga dama. Sukan kawo misalin "baratarwa", kalmar da ta daɗe tana yawo a wa'azin Hausa. Fita da ita kasuwar Kurmi ka ga mutum nawa zai gaya maka abin da take nufi.

Akwai kuma inda gardamar ta wuce batun salo. A ƙasashen da Kirista da Musulmi suke zaune tare, wasu masu fassara sun gwada sauya laƙabin "Ɗan Allah" da wasu kalmomi, suna cewa mai sauraro yana jin haihuwa ta jiki, abin da Kirista ba sa nufi. Ikilisiyoyi da yawa suka ƙi. Wani kwamiti da Ƙawancen Ikilisiyoyin Bishara na Duniya ya naɗa ya ba da shawara a 2013 cewa a riƙe kalmomin uba da ɗa, bayani kuma ya zo a gefe. Ko masu son fassarar ma'ana suna da iyakar da ba sa tsallakewa.

Mai karatu Musulmi ba zai ji wannan gardama baƙuwa ba. Karatun zaure, inda malam ke bin littafi kalma da kalma yana juyawa, ya haifar da wata Hausa tasa ta daban wadda sai almajiri ke jin daɗinta. Da Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya yi nasa aikin fassarar Alƙur'ani a ƙarshen shekarun 1970, tarjamar ma'anoni ya kira shi. Bambancin shi ne a Musulunci nassin Larabci shi ne Alƙur'ani, da shi ake salla, fassara taimako ce. A majami'a kuwa juyin Hausa shi ake ɗagawa a ce Maganar Allah. Shi ya sa nauyin da ke kan mai fassara ya fi yawa.

Hausar wa?

A ganina, nan ne ainihin matsalar take, kuma nan ne aka fi yin tsallake. Idan aka ce a fassara yadda mutane suke magana, waɗanne mutanen?

Mafi yawan masu sujada da Hausa ba ita ce harshensu na gado ba. Birom ne, da Bajju, da Tarok, da Margi, da Kilba, da sauran ƙabilu masu yawa da Hausa ta zame musu harshen kasuwa da na majami'a. Hausarsu tana da ƙa'idarta, sau da yawa ba ta damu da rarrabe "ya" da "ta" ba, kuma ba ta cika ɗaukar karin magana mai zurfi ba. A gefe guda ga Hausawa Kirista na yankunan Kano, Katsina da Zariya, da na Maraɗi da Galmi a Nijar, waɗanda Hausa ce nonon da suka sha. Juyin da aka ƙawata da azancin Kano zai burge waɗannan, amma zai iya rufe wa mutumin Langtang ƙofa kamar yadda tsohon juyi ya rufe. Wanda aka sauƙaƙa don Langtang kuma, Bakatsine zai ji shi salam.

Masu aikin fassara na gaske sun san wannan, shi ya sa ba a ɗaki suke gamawa ba. Cibiyar fassarar Littafi Mai Tsarki ta NBTT da ke Jos, wadda aka kafa a 1976, da sauran ƙungiyoyi irinta, suna bin matakai. A yi daftari, a gwada shi da nassin asali, sannan a ɗauke shi a kai ƙauye. A karanta wa tsohuwa da matashi da wanda ba ya zuwa majami'a, a ce su maimaita abin da suka ji da bakinsu. A nan ake gane ko haƙora masu tsabta sun zama asuwaki. Bayan haka ƙwararren mai dubawa ya bi aya-aya. Sabon Alkawari kaɗai kan ci shekara goma ko fiye. A ƙasar da ke da harsuna sama da 500, da yawa ba su kai ga wannan ba, don haka Hausa ce har yanzu take ɗauke da kayan wasu.

TCNN tana da sashen nazarin harsuna da fassara, kuma littafin koyar da fassara na Katharine Barnwell, da ake amfani da shi a ƙasashe da dama, daga aikinta a Nijeriya ya samo asali. Ilimin yana nan a gida. Sai dai waɗanda suke shiga wannan sashe kaɗan ne idan aka kwatanta da ɗimbin masu fitowa su zama fastoci.

Fassarar da ba mai dubawa

Alhali kowane fasto a Arewa mai fassara ne, ko ya sani ko bai sani ba. Ya yi nazari da littattafan sharhi na Turanci, ya rubuta wa'azinsa da Turanci, ranar Lahadi ya juya shi a tsaye. A majami'un birni kuma ga tafinta a gefe, ana faɗa yana mayarwa, ba shiri, ba ƙamus. Idan mai wa'azi ya jefo karin maganar Turawa, sai ka ji tafinta ya ce bari mu fasa ƙanƙara, jama'a suna waige ko ruwan sanyi za a raba. Yanzu kuma an samu masu zuba wa'azin gaba ɗaya cikin manhajar fassara ta waya su karanto abin da ta ba su.

Ayar da kwamiti ya shekara yana tankaɗe da rairaya, mutum ɗaya zai sake juya ta cikin daƙiƙa biyar a kan mumbari, kuma tasa ce za a tafi da ita gida.

Akwai ma wani ciwo da ba a cika faɗa ba. Makarantun Littafi Mai Tsarki da ke koyarwa da Hausa suna nan, su ne suka yaye masu bisharar da suka kafa majami'un karkara. Amma ana yi musu kallon na baya. Mai takardar Turanci shi ake turawa birni, shi ake wa ƙarin girma. Ɗalibi ba wawa ba ne, ya ga inda ake samu, sai ya saki Hausar da zai yi aiki da ita har ya tsufa, ya rungumi Turancin da zai burge masu jarrabawa.

Gyaran bai fi ƙarfin shugabannin makarantu da majalisun ikilisiyoyin da ke biyan kuɗin karatu ba. Duk ayar da aka ba ɗalibi ya fassara daga Helenanci ko Ibraniyanci, a ce ya kawo ta da Hausa ko da harshensa na gado, ba Turanci kaɗai ba, kuma a ba shi maki a kai. A koya masa ƙa'idar rubutun Hausa, da tarihin juyin 1932 da na 1979 da waɗanda suka biyo baya, da dalilin da ya sa suka bambanta. A tura shi ƙauye da daftarinsa ya karanta wa mutane, ya ji abin da suka ji. A yi wannan tun yana aji, kafin a ɗora masa hannu a danƙa masa ikilisiya.